Lamba 18 446 744 073 709 551 615: daga ƙwayar alkama zuwa tuntuɓen Fermat

1. Gabatarwa

Lambar da za mu bincika a cikin wannan takarda ita ce N = 18 446 744 073 709 551 615. Alƙalumanta 20 ne. Wanda ya gan ta a rubuce haka zai ɗauka an zuba su ne barkatai, amma idan aka ƙara mata ɗaya sai ta zama 2⁶⁴, wato 2 sau 2 sau 2, har biyu ta fito sau 64. Ke nan N = 2⁶⁴ − 1. Abin da muke so mu nuna shi ne wannan ɗan gajeren rubutu ya ƙunshi kusan dukan halayen lambar, har ma ana iya warware ta gaba ɗaya da alli da allo, ba tare da na'ura ba. A cikin warwarewar ne kuma za mu ci karo da wurin da Pierre de Fermat ya yi tuntuɓe a shekarar 1640.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi, tun da har yanzu masu koyar da lissafi da Hausa ba su tsaya kan baki ɗaya ba. Lambar da ta fi 1, wadda babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11, za mu kira ta lambar asali (nombre premier). Wadda ake iya rabawa, kamar 15, haɗaɗɗiya ce. Lambar da ke raba wata ba saura ita ce mai-raba (diviseur). Ga lambobin da ke rabuwa biyu daidai da waɗanda ba su rabuwa kuwa, ba mu da bukatar ƙirƙira, domin Hausa tana da cika da mara tun tuni.

2. Asalinta da girmanta

Lambar ta yi suna ne ta hanyar wani labari na wasan darar Indiya mai gida 64, wanda Larabawa ke kira shaɗranji (échecs). Ibn Khallikan ya kawo shi a ƙarni na 13 cikin littafinsa Wafayat al-A'yan. An ce sarki ya ji daɗin wasan, ya ce wa wanda ya ƙago shi ya faɗi tukuicin da yake so. Mutumin ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gida na farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aunan hatsi suka zauna lissafi sannan ya gane duk rumbunan ƙasarsa ba za su biya ba. Tun kafin Ibn Khallikan, wajen shekara ta 1000, al-Biruni ya riga ya fitar da jimillar daidai, ta hanyar ninka 16 da kanta, ya ninka abin da ya samu da kansa, har sau huɗu, sa'an nan ya ɗebe ɗaya. Hanyarsa daidai take domin 16¹⁶ = 2⁶⁴.

Samun jimillar ba shi da wuya. Mu kira ta S = 1 + 2 + 4 + … + 2⁶³. Idan muka ruɓanya ta za mu sami 2S = 2 + 4 + … + 2⁶⁴. Da an ɗebe ta farko daga ta biyu duk na tsakiya sun tafi, a bar S = 2⁶⁴ − 1. Abin lura a nan shi ne gida na ƙarshe shi kaɗai ya fi sauran 63 a haɗe, da ƙwaya ɗaya tak.

Idan muka ɗauka ƙwayar alkama 25 ke yin gram ɗaya, nauyin tukuicin zai kai wajen ton miliyar 738. Alkamar da duniya duka ke nomawa a shekara, a farkon shekarun 2020, wajen ton miliyan 800 ce, wato sai an tara girbin fiye da shekara 900. Lambar ta sake fitowa a wasan Hasumiyar Hanoi da Bafaranshe Édouard Lucas ya fito da shi a 1883, inda kwashe faifai 64 ke bukatar motsi 2⁶⁴ − 1. In ana motsi ɗaya kowace daƙiƙa, aikin zai ci shekara miliyar 584 da ɗoriya, kusan sau 42 na shekarun da masana ke ƙiyasta wa sararin samaniya tun farkonsa.

A nan akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye, wato yadda za a karanta lambar da baki. A Nijar muna cewa miliyar, daga Faransanci, ga 10⁹. Maƙwabtanmu na Najeriya suna cewa biliyan ga wannan adadi, da tiriliyan ga 10¹². Amma a Faransanci billion 10¹² ne, trillion kuma 10¹⁸. Saboda haka ɗalibin da ya fassara « dix-huit trillions » ya ce tiriliyan 18, mai sauraronsa a Kano zai ji adadin da ya gaza na gaskiya sau miliyan. Shawararmu ita ce a tsaya ga miliyar, a yanka lambar gida biyu: miliyar sau 18 446 744 073, da 709 551 615. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ƙidayar Hausa, domin haka magabata ke yi da zambar a zamanin wuri, su ce zambar ɗari suna nufin dubu ɗari.

Mun daɗe kan girma fiye da yadda ya cancanta. A ilimin lambobi, lamba mai alƙaluma 20 ƙarama ce. Lambar asali da aka gano a Oktoba 2024, 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, alƙalumanta sun wuce miliyan 41. Abin da ya bambanta N da maƙwabtanta shi ne ƙirarta.

3. Warwarewa

Alƙalamin ƙarshe 5 ne, don haka mara ce kuma 5 na raba ta. Jimillar alƙalumanta 87, wadda 3 ke rabawa amma 9 ba ta rabawa; ke nan 3 ta shiga sau ɗaya kawai. Daga nan ɗalibi kan soma gwaji da 7, 11, 13, ya yi ta samun saura (7 na barin 1, 11 na barin 4), kuma in ya bi wannan hanya har ƙarshe zai tsufa bai gama ba.

Hanyar da ta dace ita ce ƙa'idar da kowa ya koya tun kwaleji: a² − 1 = (a − 1)(a + 1). Tun da 64 cika ce,

2⁶⁴ − 1 = (2³² − 1)(2³² + 1).

Kashi na farko shi ma irin wannan ƙira gare shi, sai mu sake fasa shi, mu ci gaba da 16, 8, 4, 2, har 1. Da yake 64 ita kanta ninkin biyu ce zalla, fasawar ba ta tsayawa a hanya. Abin da ya fito shi ne:

N = (2¹ + 1)(2² + 1)(2⁴ + 1)(2⁸ + 1)(2¹⁶ + 1)(2³² + 1)
N = 3 × 5 × 17 × 257 × 65 537 × 4 294 967 297.

Waɗannan shida su ne lambobin Fermat na farko, F₀ zuwa F₅. Christian Goldbach ya lura a 1730 cewa babu biyu daga cikin lambobin Fermat da suka haɗa mai-raba in ban da 1. Dalilin yana cikin abin da muka rubuta: idan aka ninka duk waɗanda suka gabaci wata, a kan sami ita ɗin ba biyu, misali 3 × 5 × 17 = 255 = 257 − 2. To, duk lambar asali da ta raba ɗaya daga na baya ta kuma raba ta gaba, dole ta raba 2, alhali dukansu mara ne. Daga wannan ma an sami hujja mai sauƙi cewa lambobin asali ba su da iyaka, domin kowace lambar Fermat tana zuwa da nata sababbi.

Biyar na farko, 3, 5, 17, 257 da 65 537, duk lambobin asali ne. Saura ta shida.

4. Ta shida

A 1640 Fermat ya rubuta wa Frénicle de Bessy cewa ya haƙiƙance duk lambobin wannan jeri na asali ne, ko da yake ya amsa cewa hujjar ba ta kammala a hannunsa ba. Ya kamata a yi masa adalci kan wannan: bai ce ya tabbatar ba. Misali biyar a jere suka goyi bayansa, ta shida kuwa ta wuce miliyar huɗu, kuma babu ƙaramar lamba da ke raba ta. Zancen ya kwana haka shekara 92. Goldbach ne ya ja hankalin Leonhard Euler gare shi cikin wata wasiƙa ta 1729, kuma a 1732, yana birnin Saint-Pétersbourg na Rasha, Euler ya nuna cewa

4 294 967 297 = 641 × 6 700 417.

Kowa na iya ninkawa ya gani. Tambayar da ta fi amfani ga malami ita ce yadda mutum zai faɗa kan 641 ba da sa'a ba.

Mu ce p lambar asali ce da ke raba 2³² + 1. Za mu yi amfani da alamar ≡ don nuna lambobi biyu da ke barin saura iri ɗaya in an raba su da p. Muna da 2³² ≡ −1, saboda haka 2⁶⁴ ≡ 1. Yanzu mu nemi d, mafi ƙanƙantar lamba da 2 a ninki na d ke barin saura 1. Dole d ta raba 64. Ba za ta raba 32 ba, don da haka ne da 2³² ta bar 1, ga shi kuwa −1 ta bari. Duk masu raba 64 suna raba 32 in ban da 64 kanta, ke nan d = 64. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta ce ga kowace lambar asali mara p, 2 a ninki na p − 1 na barin saura 1, wanda ke tilasta d ta raba p − 1. Sakamako: p = 64k + 1.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ba ta kowa ba ce face ta Fermat ɗin, wadda ake kira ƙaramar ƙa'idarsa (petit théorème de Fermat), kuma a cikin 1640 ɗin ya bayyana ta. Wato makamin da zai rushe zatonsa yana rataye a kafaɗarsa. Lambobin asali masu ƙirar 64k + 1 su ne 193, 257, 449, 577, 641 da na gaba. Rabawa biyar ke tsakaninsa da gaskiya.

Lucas ya ƙara taƙaita aikin a 1878. Tun da p na barin 1 in an raba ta da 8, to 2 tana daidai da wata lamba da aka ninka da kanta (résidu quadratique), abin da ke sa 64 ta raba rabin p − 1. Sai ƙirar ta koma p = 128k + 1. Jerin ya zama 129, 257, 385, 513, 641. Na farko da na uku da na huɗu haɗaɗɗu ne, 257 kuwa hujjar Goldbach ta fid da ita. Ta farko da za a gwada ita ce 641, kuma ita ce.

Akwai wata hujja ta daga baya da muke son a riƙa nuna wa ɗalibai, domin ba ta bukatar doguwar rabawa ko ɗaya. Ana iya rubuta 641 ta hanya biyu:

641 = 5 × 2⁷ + 1, kuma 641 = 5⁴ + 2⁴.

Ta farko ta ba mu 5 × 2⁷ ≡ −1. Mu ninka kowane ɓangare da kansa har sau huɗu: 5⁴ × 2²⁸ ≡ 1. Ta biyu ta ba mu 5⁴ ≡ −2⁴. In muka musanya, sai −2⁴ × 2²⁸ ≡ 1, wato 2³² + 1 ≡ 0. Layi huɗu. Sai dai a kula, wannan hujja ta wanda ya riga ya san amsa ce. Tana gamsarwa, amma ba ta koya wa mutum nema. Shi ya sa muke ganin a fara da hanyar Euler a aji, a ajiye wannan don ƙarshe.

Littattafai da yawa kan tsaya nan, su ce kawai 6 700 417 lambar asali ce, mai karatu ya karɓa. Ba sai mun karɓa a rufe ba. Idan haɗaɗɗiya ce, tana da mai-raba na asali da bai wuce 2 588 ba, domin 2 589 × 2 589 ya riga ya zarce ta. Wannan mai-raba zai raba F₅, don haka ƙirarsa 128k + 1 ce, k kuma ba ta wuce 20 ba. Daga cikin lambobi 20 ɗin, na asali biyar ne kawai: 257, 641, 769, 1 153 da 1 409. An riga an cire 257. Ga abin da rabawa huɗu suka bayar:

6 700 417 = 641 × 10 453 + 44
6 700 417 = 769 × 8 713 + 120
6 700 417 = 1 153 × 5 811 + 334
6 700 417 = 1 409 × 4 755 + 622

Babu wadda ta tafi ba saura. Warwarewar ta kammala ke nan:

N = 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65 537 × 6 700 417.

5. Abin da lambobi bakwai suka haifar

Lambobin asali bakwai, kowace sau ɗaya. Kowane mai-raba N yana samuwa ne ta zaɓen waɗanda za a ɗauka daga bakwai ɗin, don haka masu raba ta 2⁷ ne, wato 128. Da zaton Fermat ya tabbata, da 64 za su kasance. Jimillar masu raba ta, har da ita kanta, wajen sau 1,7 ce na N, ba ta kai ninki biyu ba. Adadin lambobin da ba su wuce N ba kuma ba su haɗa mai-raba da ita ba (indicatrice d'Euler) shi ne 2 × 4 × 16 × 256 × 640 × 65 536 × 6 700 416 = 9 208 981 628 670 443 520, ƙasa da rabin N kaɗan.

Inda bambancin biyar ɗin farko da biyun ƙarshe ya fi bayyana shi ne wajen zanen siffofi. A 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya gano ana iya zana daidaitacciyar siffa mai gefe 17 da abin ja layi da kompa kawai (règle et compas), abin da ya gagari masana tun zamanin Girkawa. A littafinsa na 1801 ya faɗi sharaɗin gaba ɗaya, Pierre Wantzel kuma ya kammala hujjar a 1837: siffa mai gefe n, in n mara ce, tana zanuwa ne kawai idan n ta ginu daga lambobin Fermat na asali, kowace ba fiye da sau ɗaya ba. To, daga masu raba N su 128, guda 32 ne suka ginu daga 3, 5, 17, 257 da 65 537 kaɗai. In an cire 1, saura 31. Waɗannan 31 su ne dukan lambobi mara da aka sani siffarsu na zanuwa, babbarsu 4 294 967 295, wato 2³² − 1. Sauran 96, da 641 ko 6 700 417 ta shiga cikinsu, ba su zanuwa. Ana iya ganin dalili a 640 = 2⁷ × 5: kompa da abin ja layi aikinsu na ninkin biyu ne zalla, wannan 5 ɗin kuwa ta ɓata shi.

A na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ke ƙidaya da 0 da 1, N ita ce 1 sau 64 a jere, wato lamba mafi girma da gurbi 64 ke iya ɗauka. Ƙara mata ɗaya kan mai da duka gurabun zuwa 0. A wannan rubutu ana ganin masu raba ta da ido. N raba 3, wato 6 148 914 691 236 517 205, ita ce 01 a maimaice sau 32. N raba 5 ita ce 0011 sau 16. N raba 17 ita ce 00001111 sau 8, haka har zuwa F₅. Amma 641 ba ta da irin wannan tsari, shi ya sa ido bai kama ta ba. Masu tsara shirye-shiryen na'ura na amfani da warwarewar a aikace. Hanyar xorshift da George Marsaglia ya wallafa a 2003, don fitar da lambobi masu kama da na ƙuri'a, tana da nau'in da ke zagaya N kafin ya maimaita kansa. Don a tabbatar zagayen bai gajarta ba, ana duba N raba p ga kowace ɗaya daga lambobin asali bakwai ɗin. Wanda ya ɗauki F₅ a matsayin ta asali zai yi gwaji shida maimakon bakwai, kuma yana iya amincewa da hanya mai lahani.

6. Maƙwabciya

Idan aka ƙara wa N biyu sai a sami 2⁶⁴ + 1, wadda ita ce F₆. Ita ma haɗaɗɗiya ce: 274 177 × 67 280 421 310 721, kamar yadda Fortuné Landry ya bayyana a 1880. Mai karatu na iya duba cewa 274 177 = 256 × 1 071 + 1, daidai da ƙa'idar Lucas. Daga nan aikin hannu ya ƙare. Sai a 1970 Morrison da Brillhart suka warware F₇ da na'ura, F₉ ta jira har 1990, F₁₀ har 1995. Lambobin Fermat da aka warware gaba ɗaya sun tsaya ne a F₁₁. An san cewa daga F₅ har F₃₂ duk haɗaɗɗu ne, wasu ta gwajin da Théophile Pépin ya kawo a 1877, wanda ke nuna lamba haɗaɗɗiya ce ba tare da ya faɗi mai raba ta ba. Bayan 65 537 ba a sake samun ta asali ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya kawo hujjar cewa babu wata. Masana da yawa a yau sun karkata ga kishiyar zaton Fermat, wato biyar ɗin nan su ne ke nan, sai dai su ma abin da ke hannunsu misalai ne da ƙiyasi. Ta farko da ba a san matsayinta ba ita ce F₃₃, mai alƙaluma fiye da miliyar biyu da rabi.